Jinjina Ga Masu Kurɓa Su Tofar

Duk wanda ya ƙirƙiro sana'ar ɗanɗana giyar inabi ya cancanci a naɗa masa rawani. Tun da aka fara ciniki a duniya, ciwon kan ɗan kasuwa guda ne: yadda zai ba da kaɗan ya karɓi da yawa, mai saye kuma ya tafi yana sa masa albarka. Masu ƙananan gonakin inabi na kudancin Afirka ta Kudu sun gama da wannan matsala. Mutum zai baro masaukinsa na bakin teku, ya hau mota ya haura kwari, ya biya kuɗi a tsiyaya masa abin da bai wuce cokali uku ba, ya kurɓa, ya kurkure baki, ya tofar a bokiti, sannan ya rubuta a littafin baƙi cewa bai taɓa jin daɗi irin na yau ba. In wannan ba basira ba ce, a faɗa mana sunanta.

Garin Hermanus, mai nisan kimanin kilomita 120 daga Cape Town, yana sahun gaba a wannan biki. Allah ya hore masa teku a gaba, duwatsu a baya. Daga watan Yuni zuwa Nuwamba manyan kifayen nan da ake kira wel sukan matso gaɓa su haihu, har garin ya ɗauki ma'aikaci na musamman mai busa ƙaho yana shelar inda aka hango su. Sai dai kallon kifi ba ya cinye yini. Da hantsi ya dubi ludayi, ɗan hutu ya gaji da leƙen ruwa, sai a nuna masa hanyar R320 wadda ta ratsa kwarin Hemel-en-Aarde, inda kusan kowace kwana akwai allon wata gona. Gonaki ne ƙanana, da yawansu na iyali, sun yi suna da inabi iri biyu masu son sanyin iskar teku, Pinot Noir da Chardonnay. A 1975 aka aza harsashin ta farkonsu, yau kuwa mutum zai iya wuni yana fita wannan yana shiga waccan bai gama ba.

A zo a ga tsari. Za a zaunar da baƙo a baranda mai fuskantar dutse, a jera masa tambulan biyar masu doguwar ƙafa, a ajiye ruwa da ɗan biskit na goge harshe, sai bokitin ƙarfe mai sheƙi a tsakiyar tebur. Ba a rungumar tambulan da tafin hannu, ta ƙafa ake riƙe shi, kada ɗumin jiki ya ɓata wa giya rai. Da farko a karkata shi bisa farin ƙyalle a duba launi. Sai a juya shi a hankali giyar ta zaga, wai ta sha iska ta farka. Sai a cusa hanci har ya kusa taɓa ruwan, a lumshe ido. Bayan nan ne za a kurɓa, a zuƙi iska ta tsakanin haƙora da wata ƙara wadda da yaro ne ya yi ta a gaban baƙi da ya sha ranƙwashi, a kurkure, a tofar. Dattijo mai furfura, shugaban kamfani a ƙasarsu, ya sunkuya yana tsartar da jan yawu a bokitin da mutum shida suka riga shi, kowa a teburin kuma yana kallonsa da girmamawa. Wayewa ke nan, wanda bai gane ba ya koma makaranta.

Maganar da ake yi a baranda ma ta isa a buɗe mata tsangaya. Ba a cewa giya ta yi tsami ko ta yi bauri, wannan bakin 'yan mashaya ne. Cewa ake an ji ƙamshin jajayen 'ya'yan itace, da na ƙasar da ruwan farko ya daka, da na tsohuwar fatar sirdi, da wani hayaƙi can daga nesa. Akwai giya mai kunya, akwai mai faɗin rai, akwai wadda ba ta gama balaga ba sai an ba ta shekara biyar a duhu. Mai zubawa za ta faɗi abin da ya kamata a ji, baƙo ya gyaɗa kai ya ce lalle shi ma ya ji, domin babu mai son a gane cewa shi dai ruwan inabi mai tsami ya ji. Haka mutum shida za su zauna su yi ittifaƙi a kan ƙamshin sirdin da babu wanda ya taɓa shinshinawa a cikinsu.

Mahassada sun yi ƙoƙarin ɓata wannan ilmi. A 2001, a jami'ar Bordeaux ta Faransa, Frédéric Brochet da abokan bincikensa sun ɗauki farar giya suka zuba mata jan launi marar ƙamshi, suka miƙa wa ɗalibai 54 masu karatun harkar giya. Ɗaliban suka shinshina, suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta jar giya. A Kalifoniya ta Amurka, Robert Hodgson, mai gonar inabi kuma tsohon malamin jami'a, ya shirya a riƙa zuba wa alƙalan gasar jihar giya ɗaya daga kwalba ɗaya har sau uku ba su sani ba. Sakamakon da ya fitar a 2008 ya nuna kusan ɗaya cikin goma ne kawai ke tsayawa a kan makin da ya fara bayarwa. A shekarar dai wasu masana suka sa mutane a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ba su giya ɗaya sau biyu, sau ɗaya an ce ta dala 10 ce, sau ɗaya ta dala 90, ƙwaƙwalwa kuwa ta nuna ta fi jin daɗin ta dala 90. Masu binciken sun ɗauka tonon silili suka yi. Mu yabo muka gani. A wace sana'a ce kuma ake ƙara wa kaya daɗi da alƙalami kawai?

Shi kansa kwarin Hemel-en-Aarde ya cancanci lambar yabo wajen iya wanka. A 1817 gwamnan Ingila a Cape, Lord Charles Somerset, ya ware wannan wuri don killace kutare, tunda duwatsu sun kewaye shi, babu mai ganinsu. Yawancinsu Khoikhoi ne, 'yan asalin ƙasar da aka raba da makiyayarsu, sai kuma bayi. A nan suka zauna, a nan da yawa suka mutu aka binne su, har tsakiyar shekarun 1840 da aka kwashe sauran zuwa tsibirin Robben, wanda daga baya ya zama kurkukun Nelson Mandela. Ɓoyuwar nan da ta sa aka zaɓi wurin don zubar da mutane ita ce yau ake tallatawa: kwari mai sirri, nesa da hayaniya. Za a yi wa baƙo dogon bayani a kan ƙasar wurin, yumɓunta da tsakuwarta da irin ɗanɗanon da take ba inabi. Ladabi ne ya hana a faɗi su wane ne ke kwance a cikinta.

Masu giya na son tarihi, sun kuma iya tsince shi. A duk faɗin yankin Cape, ɗan rakiyar baƙi ya haddace 2 ga Fabrairu 1659, ranar da Jan van Riebeeck, wakilin kamfanin Holan, ya rubuta cewa an matse inabin ƙasar karo na farko. Ya haddace 1685, shekarar da Simon van der Stel ya kafa gonar Constantia, da 1688 da Faransawa 'yan gudun hijirar addini suka iso, da labarin giyar Constantia da ake kai wa Napoleon yana tsare a tsibirin St Helena. Akwai wata ranar da ta riga waɗannan duka, an dai bar ta ne don kada bayani ya yi tsawo. A Afrilun 1658 aka buɗe makaranta ta farko a Cape, don yaran bayi 'yan Angola da aka ƙwato daga wani jirgin Fotugal, aka kuma tsara a riƙa ba kowane yaro ɗan kofin barasa da guntun taba don ya mai da hankali ga karatu da addu'o'in Kirista. Ashe bikin ɗanɗano na farko a ƙasar kyauta aka yi shi, kuma yara aka fara karramawa.

Hannayen da suka dasa kurangar nan, suka tsinke ta, suka tattake 'ya'yanta, na bayi ne daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indonesiya. A Constantia, gab da kurangun, har yau ga ƙubbobin shehunan da Holan ta koro daga Sumatra suka iso a 1668, Musulmin Cape na kai musu ziyara. Mai zuwa ɗanɗano kan wuce ta wurin a mota ya yaba kyan gini. Da Ingila ta soke bauta a 1834, an biya diyya kamar yadda adalci ya tanada: iyayengiji aka biya, saboda asarar dukiyar da suka yi. Su kuwa bayin, fiye da 35,000, aka ce su ƙara shekara huɗu suna koyon aikin da suka tsufa a cikinsa.

Daga nan ne hazaƙa ta kai ƙololuwa. Bawa ya zama ɗa, yana iya ɗaukar ƙunshinsa ya tafi. Yaya za a yi ya zauna babu sarƙa? Sai aka ƙarfafa tsarin da ake kira dop, wato a biya lebura wani ɓangare na ladansa da giya. Ba irin ta baranda ba, tarkacen da ya ƙi sayuwa. Ana zuba masa a gwangwani sau da dama a yini, tun sassafe kafin ya shiga gona har faɗuwar rana, ƙarshen mako kuma a ƙara masa da guzuri. A nan babu farin ƙyalle, babu biskit, babu bokitin ƙarfe. Dubi hikimar: mai gona ya rabu da giyar da ta yi kwantai, ya rage kuɗin da zai fitar, ya kuma sami ma'aikacin da jikinsa ba zai bar shi ya yi kwana biyu nesa da gonar ba. An haramta tsarin a takarda tun farkon shekarun 1960, amma doka ta nuna kunya irin ta surukai, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shiga gonaki ba sai a shekarun 1990, bayan faɗuwar mulkin wariya. A 2003 aka sake haramta shi a sabuwar dokar giya, ko da wani bai ji na farko ba.

Ƙasa ɗaya, kuranga ɗaya, amma an raba ilmi gida biyu. Mai kuɗi an koya masa ya kurɓa ya tofar, kada ya bugu ya kasa bambance tambulan na huɗu da na biyar. Talaka an yi fiye da shekara 300 ana koya masa ya haɗiye, kada ya wartsake ya bambance lada da zalunci. Kowane ɗalibi kuma ya ci jarrabawarsa.

Ilmi nagari ba ya mutuwa da malaminsa. Bayan an daina rabon gwangwani, ƙishin da aka dasa bai tafi ba, yanzu dai lebura da kuɗinsa yake saye, a jarka, wani lokaci bashi. An kuma gadar wa na baya tun suna ciki. Binciken da aka buga a 2000 a kan 'yan aji ɗaya na firamare a wani garin inabi na Yammacin Cape ya sami fiye da yara 40 cikin kowane 1,000 ɗauke da cikakkiyar nakasar da giya ke yi wa ɗan tayi, adadin da ba a taɓa ganin irinsa ba a wata al'umma a lokacin, binciken da ya biyo baya kuma ya sami abin da ya fi haka. Likitoci sun san yaron tun daga ƙofa: ƙaramin kai, ƙananan idanu, siririn leɓen sama, 'yar kwarmin da ke tsakanin hanci da leɓe ta shafe, jiki ya tsumbure, ɗan shekara tara kai ka ce ɗan shida ne. Za a koya masa abu yau, gobe ya nema ya rasa. Ba ya warkewa. Masu baranda na alfahari da giyar da ke daɗewa a harshe bayan an tofar, har suna ƙirga daƙiƙoƙi. To ga wadda ta daɗe har jikoki, babu wanda ya ba ta lambar zinariya.

In an gama da tambulan, akan zaga da baƙo ɗakin ganguna, kuma a nan ne zai ga tausayi ganin idonsa. Gangunan katako ne, yawanci daga dazuzzukan Faransa, kowace na cin lita 225, an kwantar da su a jere cikin ɗaki mai kaurin bango, ana auna sanyinsa da laimarsa dare da rana. Ba a bari rana ta taɓa su, ba a bari iska ta busar da su. A 2011 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan gonakin inabi da na 'ya'yan itace na Yammacin Cape, ta tarar da ma'aikata marasa bayan gida da ruwan sha a bakin aiki, da masu feshin maganin ƙwari babu kayan kariya, da wani magidanci da ya shekara goma da iyalinsa a tsohon garken aladu. Kada a yi saurin ganin laifi. Ganga daga ƙetare aka sayo ta da tsada, lebura kuwa a nan gonar aka haife shi kyauta.

Su ma leburorin, maimakon godiya, sai suka tada ƙura. A ƙarshen 2012 yajin aiki ya ɓarke a De Doorns, yankin inabin ci, ya bazu zuwa wasu garuruwan lardin. An tare babbar hanyar N1, an ƙona kurangu, an rasa rayuka. Abin da suke nema rand 150 ne a yini, alhali gwamnati ta riga ta yanka musu har rand 69. Daga ƙarshe aka mai da shi 105 daga Maris 2013, masu gonaki da dama kuma suka mayar da martani da rage ma'aikatan dindindin, suka koma ɗaukar na kaka ta hannun 'yan kwangila. Wannan ma ci gaba ne: wanda ba ma'aikacinka ba ne, ba ka san inda yake kwana ba, balle a tambaye ka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ƙananan gonakin bayan Hermanus sabbi ne, akwai masu gonar da ba su taɓa raba gwangwani ba, akwai ma waɗanda suka yaƙi tsarin tun ana jin tsoron magana, wasu sun gina wa 'ya'yan ma'aikata makaranta. Tun 2002 akwai ƙungiyar WIETA mai duba yadda ake riƙon ma'aikata, tana ba da hatimin da ake mannawa a kwalba. Madalla da masana'antar da ta kai matsayin da biyan mutum ladansa da kuɗi, da ba shi bayan gida, ya zama abin da ake buga wa hatimi a yi talla da shi har Turai. Mai saye a Suwidin ya ga hatimi, zuciyarsa ta yi sanyi, ya ƙara kwalba ɗaya a kwando.

Ba a nan kyautatawa ta tsaya ba. Baƙon da ya ga wuri ya yi masa, zai iya kwana a gonar, a wani ɗan gida mai farin bango da murhun itace. A gonaki da dama na lardin, irin waɗannan gidaje na ma'aikata ne a da, an gyara su sun zama masauki. Ina mazaunan? A 1997 an yi dokar kare masu zama a gonaki daga kora, wani bincike na 2005 kuma ya ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan ɗaya aka kora daga gonakin ƙasar a shekara goman farko ta dimokuraɗiyya, kusan duka ba tare da an je kotu ba. Sun koma gefen garuruwa, cikin ɗakunan kwano. A Hermanus unguwar Zwelihle na nan daf da gidajen hutun da ke kulle mafi yawan shekara, daga can ne masu wanke tambulan da masu gyaran gado ke fitowa da asuba. A 2018 mutanen unguwar sun fito zanga-zangar neman filin da za su yi gida, aka rufe hanyoyi, kasuwar baƙi ta tsaya cak. Rashin tunani ne irin nasu. Ƙasa mai fuskantar teku ai ba a ɓata ta da mutane.

Ta fuskar lafiya kuwa, an daɗe ana yi wa masu ɗanɗano albishir cewa jar giya kaɗan na gyara zuciya. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa barasa a sahun farko na abubuwan da ke haddasa cutar tun 1988, sahu ɗaya da taba, a farkon 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi da za a kira marar illa. Afirka ta Kudu ta ma yi gwajin da kanta lokacin korona, da ta hana sayar da giya: a safiyar sabuwar shekarar 2021, sashen masu raunuka na asibitin Chris Hani Baragwanath da ke Soweto ya wayi gari babu majinyaci ko ɗaya, abin da asibitin ya ce bai taɓa faruwa ba. Wannan duka bai shafi mutanen baranda ba, tunda su tofarwa suke yi. In ma an samu wanda ya manta ya haɗiye a gona ta uku, ya sake mantawa a ta huɗu, sannan ya kama sitiyari ya gangaro kwanonin R320 da akwatin kwalabe goma sha biyu a bayan mota, ai ba a kiransa mashayi. Mashayi shi ne wanda ke tangaɗi a ƙafa a gefen titi. Na cikin mota masani ne.

Saboda haka muna jinjina. Hancin da zai iya tsinto ƙamshin sirdi da na ruwan farko a cikin cokali uku, amma gumin wadda ta tsinko inabin bai taɓa kai masa ba, hanci ne da ya sha horo, kuma horon ne ake biya wa kuɗi a bakin ƙofa.

Kai kuma mai karatu, in hutu ya kai ka Hermanus, kallon kifi daga kan dutse kyauta ne, ba ya kuma bugarwa. In abokan tafiya suka ja ka baranda, ba sai ka taɓa tambulan ba kafin ka shiga sahun masana. Da an zo wurin da ake cewa ko akwai mai tambaya, ka tambayi nawa ake biyan mai tsinka a yini, ina take kwana in kaka ta wuce, kuma su wane ne suka zauna a ɗakin da aka sauke ku kafin a yi masa fenti. Gonar da ta amsa ba tare da inda-inda ba, ka yi mata fatan alheri. Wadda ta mayar da zancen ga ƙamshin ƙasa, ka tashi ka ba su wuri, ka riga ka ɗanɗana abin da ake sayarwa.